Kada Ka Ce Wa Mai Katako "Ba Komai"

Daga Rusaifa, Makka.

Zuwa ga ɗana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa ce daga mahaifinka, tare da roƙon Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauke ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba mu da kowa a cikinta. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare maka ƙafafunka biyu. Wannan na ƙarshen ba don ado na faɗe shi ba, shi ne dalilin takardar nan.

Na roƙi Ummanka ta cusa ta cikin aljihun babbar rigar sanyin da kuka sayo a Jidda, don na san ba za ka taɓa rigar ba sai ka sauka Almati sanyi ya yi maka maraba. Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Na san za ka yi ta tuntuɓe a kan haruffan kana guna-guni, me ya hana Abuya ya turo saƙon murya kamar kowa. To, saƙon murya kana jin sa kana tuƙi, kana jin sa kana cin abinci, har gudu kake ƙara masa don in yi sauri in gama. Wannan kuwa dole ka zauna. Kuma Larabci harshen kasuwata ne. In zan fito da abin da ke cikina, sai na koma harshen da kakanka ya yi mini faɗa da shi.

Aikin da ka samu, Allah Ya sa masa albarka. Ba ni da ta cewa a kansa, ka fi ni sanin injuna nesa ba kusa ba. Maganar katako zan yi maka.

Ka tuna Juma'ar nan da muka dawo daga masallaci muka zauna cin shinkafar kabsa, ka miƙo wayarka tsakiyar faranti kana murmushi? Hoton wasu dogayen katakai ne guda biyu, baƙaƙe, masu lanƙwasa a baki, waɗanda kake kira siki. Ka ce abokinka Timur, wanda kuka yi karatu tare a Jidda, ya yi maka alkawarin in sanyi ya kankama zai kai ka duwatsun ƙasarsu. Kuma ba irin wurin da inji ke ɗaukar mutum ya kai shi sama ba. Da ƙafarka za ka hau dutsen, katakon na ɗaure a takalminka, in kun kai ƙololuwa sannan ku zamo ƙasa. Ummanka ta ajiye cokali. Ƙanwarka Suhaila ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Yaya, ai waɗannan sun fi ka tsawo."

Ka ce, "Su ne na maza, na ƙwararru. Gajerun nan na 'yan koyo ne."

Ummanka ta ce, "To kai ba ɗan koyon ba ne?"

Ka ce, "Ya Ummi, mafi mushkila. Na yi sau biyu a Dubai, sahl marra." Wato babu matsala, abu ne mai sauƙi ƙwarai, tunda ka yi a ɗakin sanyin nan na cikin kanti, inda yara ke zamiya iyayensu na shan shayi a bayan gilashi.

Ni kuma, maimakon in yi tambaya, sai na gyara zama na ce, "Ku ƙyale shi. Ƙanƙara ce fa. Babu wanda ya san ƙanƙara a gidan nan kamar ni." Na faɗi haka ne don a samartakata na yi dakon ƙanƙara a Arfa lokacin aikin Hajji, na ɗauke ta a kafaɗa, na fasa ta da gatari, na kwana a kusa da ita. Kowa ya yi dariya, maganar ta wuce. Wannan shi ne kuskurena na kwanan nan, kuma da shi zan fara tunda shi ne mafi ƙanƙanta.

Bayan 'yan kwanaki wani dattijo ya shigo shagona a Aziziyya. Umra ya zo, ƙafafunsa sun kumbura, yana neman takalmi mai laushi. Na zaunar da shi ina auna masa ƙafa, na tambaye shi daga ina. Ya ce daga wani ƙauye a duwatsun da ke bayan Almati. Sunansa Alhaji Murad. Larabcinsa na littafi ne, irin na masu huɗuba, nawa kuma na kasuwa, amma da hannu da ido mun fahimci juna. Na ciro waya na nuna masa hoton, don Suhaila ta riga ta turo mini. Gaskiya taƙama na yi niyyar yi.

Ya ce, "Na wane ne wannan?"

Na ce, "Na ɗana. Ƙasarku zai je aiki."

"Ina tsawonsa?"

Na ɗaga hannu kaɗan sama da kaina. Ka dai san gidanmu ba a gaji tsawo ba.

"Shekara nawa yana hawa?"

Na ce, "Sau biyu ya yi, a Dubai."

Ya yi dariya har da share ido. Sai kuma dariyar ta ɗauke lokaci guda, ya sake duban hoton, ya dube ni.

Na ce masa ai ni ma na san ƙanƙara, na ba shi labarin Arfa. Ya girgiza kai ya ce, "Ya Hajji, taka dutse ce, ana sare ta da gatari. Tamu gari ce." Ya ce wani wuri mutum na nutsewa har ƙugu, wani wuri ɓawo ne a sama laushi a ƙasa, wata rana kuma gefen dutse gaba ɗaya ke tasowa ya gangaro ya rufe duk wanda ke ƙarƙashi. A nan na tuna cewa mu da kanmu dusar ƙanƙara muke ce mata. Tun ina yaro nake faɗin kalmar, ban taɓa tsayawa na ji dusar da ke cikinta ba. Don haka ka riƙe wannan: sanin sunan abu ba sanin abun ba ne. Ƙanƙarar Arfa ba ta duwatsun Timur ba ce, ta Dubai ma haka. Kama da wane ba ta wane.

Dattijon nan bai tafi ba sai da ya yi mini karatu, ni kuma na kasa kunne kamar ɗan makaranta. Ga abin da na riƙe, in na yi kuskure masu shagon katakon can za su gyara maka. Ya ce in ka tsayar da katakon a gabanka, bakinsa ya tsaya tsakanin haɓarka da tsakiyar kanka, kuma ɗan koyo ya fi kusa da haɓa. Dogo yana da daɗi ga wanda ya iya, amma juya shi sai da ƙarfi da gwaninta, kuma a hawa, inda hanya ke yin kwana, dole mutum ya ɗaga ƙafa ya juya katakon gaba ɗaya, dogo kuwa sai ya harɗe shi. Ya ce kada ya yi nauyi, don kowane taku kai za ka ja shi, kada kuma ya yi shafal har ya riƙa rawa a gangara. Faɗinsa ma tsaka-tsaki. Ya ce akwai wata fata da ake manna wa a ƙarƙashi lokacin hawa, gashinta ya kwanta gefe guda, tana barin ka ka yi gaba amma ba ta barin ka ka zame baya. Wannan ta burge ni ƙwarai. Sannan ya ce a fara zaɓen takalmi kafin katako. Na ce wannan kam ba sai ka gaya mini ba, sana'ata ce.

Sai ya zo kan maɗauri, wato ƙarfen da ke riƙe takalmi a jikin katako. Ya ce a hawa yana sakin diddige don mutum ya yi taku, a gangara ya kulle shi. Amma babban aikinsa shi ne in mutum ya faɗi ya saki ƙafar gaba ɗaya, katako ya yi nasa wuri, mutum ya yi nasa. Ya ce mai shago ne ke saita ƙarfin riƙonsa, kuma kafin ya saita sai ya yi tambaya uku: nauyinka, tsawonka, da iyawarka.

Ya ce, "Biyu na farko sikeli da awo ke amsawa. Ta ukun bakin mutum ne. A nan samari ke yin ƙarya. In ya ce ya ƙware, sai a ɗaure masa tamau. Ranar da ya faɗi, katako ya yi gabas, jiki ya yi yamma, maɗauri ya ƙi saki. Abin da ke tsakaninsu shi ke biyan kuɗin."

Ya dafa gwiwarsa. Sannan ya dubi tawa, don ya ga yadda nake ɗingishi in na tashi ɗauko kwali. Ya sayi takalminsa, ya yi maka addu'a da sunanka, ya tafi.

Yasir, tun ranar ban samu natsuwa ba. Ba dutsen ne ya fi ba ni tsoro ba. Tambaya ta ukun nan ce, don na san amsar da za ka bayar, kuma na san wanda ya koya maka ita.

Bari in koma baya. Kana ƙarami, duk Sallah ni ke kawo maka takalmi daga shago, kuma ban taɓa kawo maka daidai ƙafarka ba. Kullum da rata. Ummanka ta ce, "Malam, wannan ai jirgin ruwa ne." In ce, "Zai girma a ciki." Haka aka yi mini, haka aka yi wa kowane ɗan Bahaushe da na sani, riga da wando da takalmi duk na shekara mai zuwa ake saya. Ta cusa auduga a bakin takalmin, ka tafi kana jan ƙafa. Wata Sallah ka yi tuntuɓe a matakalar masallacin unguwa, ka fasa leɓe, jini ya ɓata farar rigarka. Na ɗaga ka na kakkaɓe ka na ce, "Namiji ne, ba komai." Abin kunyar shi ne a shago ba na yi wa alhazai haka. Alhaji in ya ce in ba shi babba don ya daɗe, hana shi nake yi. Ina ce masa tafiyar Mina zuwa wurin jifa ba ta san shekara mai zuwa ba, ƙafar yau ta sani. Na san wannan sarai, amma ɗana na cikina na sa shi tafiya cikin takalmin wani yaron da bai riga ya zama ba.

Dogayen baƙaƙen katakan nan da ka nuna mana takalmin Sallah ne. Na mutumin da kake fatan zama ne bayan shekaru. Allah Ya kai ka, amma ba shi zai hau dutsen bana ba, kai ne. Ka sayi na ƙafar da kake da ita yau. In ma da hali kada ka saya tukuna, ka yi haya, ka gwada wannan ka gwada wancan a wuri mai sauƙi inda akwai masu koyarwa, sai ƙafarka ta gaya maka wanda take so. Ranar da ka fi ƙarfinsa ka sayar ka sayi wani. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu maganar gwiwata. Kun taso kun gan ni da ɗingishi, kuma abin da kuka sani shi ne na faɗi a Arfa. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba. Wata shekara ce da aikin Hajji ya faɗo a tsakiyar zafi, ina saurayi ban kai shekarunka ba, na samu aikin sauke ƙanƙara daga mota zuwa tantuna. Manyan sanduna ne, kowane kamar ƙaramin yaro. Akwai wani a cikinmu, Bala Dogo, ƙato ne na gaske, shi bibbiyu yake ɗauka. Shugaban aikin ya dube ni, ya ga ƙaramin jiki, ya ce, "Kai ɗauki ɗaya-ɗaya, ko za ka iya biyu?" Tambaya ce ta gaskiya, ba gatse a ciki. Amma ga Bala tsaye, ga sauran samarin unguwarmu suna kallo. Na ce, "Ba komai, ɗora." Na ɗauki Dala ba gammo.

Na yi sawu kaɗan lafiya. Ana saukowa daga motar ne ta kan wasu katakai biyu da aka jingina, duk sun jiƙe da ruwan ƙanƙara. Takalmin da ke ƙafata mai maɗauri ne a diddige, na ja shi tam don kada ya cire. Ƙafata ta zame ta shige tsakanin katakan, nauyin da ke kafaɗata ya juya ni, takalmin ya maƙale ya ƙi fita. Na ji ƙara a cikin gwiwar kamar an karya rake. Da silifa ne a ƙafata, da ya fice ya bar ni na faɗi kawai, in tashi in karkaɗe jiki. Shi ya sa da Alhaji Murad yana bayanin maɗauri ban buƙaci ya maimaita ba.

Kuma ban tsaya nan ba. Aka kai ni tantin likita, ya tambaye ni ina ke ciwo, yaya ƙarfinsa. Na ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ka san mu, ko mutum na kan gargara in an ce yaya jiki sai ya ce da sauƙi. A gaisuwa wannan ladabi ne, kuma ina son sa. Amma likita ba gaishe ni yake yi ba. Ya ɗauki maganata, ya naɗa mini bandeji ya ba ni ƙwaya, na koma aiki na ƙarasa kwanakin Mina a kan ƙafar. Lokacin da na yarda na je asibiti, abin da zai gyaru ya riga ya wuce.

Ka san abin da wannan "ba komai" ɗin ta ci mini. Ba ɗingishin ba ne, na saba da shi. Sujada ce. An haife ni a garin da mutane ke sayar da gona don su zo su sa goshi a ƙasa sau ɗaya a rayuwarsu. Kakanka da ƙafa ya taho daga ƙasar Kano, ya ratsa Sudan, ya yi shekaru a hanya saboda wannan. Ni kuwa ga Harami a kusa da ni, amma shekara da shekaru a kan kujera nake salla, ina sunkuyar da kai a iska. Malamai sun ce ladan na nan, kuma na yarda. Amma ina kewar sanyin dutsen nan a goshina, kewar da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kai ka tura ni a keken marasa lafiya muka yi sa'ayi a azumin bara, kana ta yi mini barkwanci don kada in ji nauyi. Na ji nauyin duk da haka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Da a ce a kaina abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma ka tuna ranar da ka faɗi a ƙwallo a filin bayan gidajen nan na Rusaifa, kana aji huɗu ko biyar? Ka shigo riƙe da hannu, fuskarka ta yi fari. Ina zaune a ƙofar gida da abokaina. Na ce, "Yaya dai?" Amma ba da baki kaɗai na tambaya ba, na yi maka wani kallo, kuma ka gane kallon. Ka haɗiye kukan ka ce, "Ba komai, Abuya." Na juya ga abokaina ina murmushi na ce, "Kun gani? Jinin Kano ke nan." Sai da aka kwana biyu Ummanka ta ga hannun ya kumbura ya yi baƙi, kana ɓoye shi cikin hannun riga. Tsagewar ƙashi ce. Ta yi mini magana ranar irin wadda ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce, "Ka koya masa ya ji tsoron idonka fiye da ciwonsa." Na yi fushi, na fita. Gaskiya ta faɗa.

Tun daga ranar ban sake jin ka ce wani abu ya fi ƙarfinka ba. Ko a makaranta, ko a rashin lafiya, ko lokacin da ka yi ta neman aiki ana juya ka. Ba komai, mafi mushkila. Harshe biyu, amsa ɗaya. Na daɗe ina ɗaukar wannan abin alfahari ne. Yanzu ina hango ka tsaye a shagon katako, Timur na gefenka, mai shago riƙe da abin saita maɗauri yana tambayar ka iyawarka, kai kuma kana jin idona a ƙeyarka daga nan Makka.

To ga ni ina janye idon. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. In ya tambaye ka, ka ce masa, "Ban iya ba, koyo nake. Sau biyu na taɓa yi, a cikin ɗaki." Ka faɗa da kowane harshe ya samu, ka faɗa a gaban Timur, ka faɗa ko da akwai mata a shagon suna ji. In ya miƙo maka gajere, ka karɓa. In an rubuta na maza a jikin wani, wannan rubutun masu sayarwa ne, ni ma na san irin abin da muke rubutawa a kwali. Ka hau sikelin da gaske, kada ka ƙara ko ka rage. Takalmin kuma ka sa shi da safar da za ka hau da ita, ka yi ta zagaya shagon, in ya matse ka ko diddige na ɗagawa ka faɗa. Kada ka ji nauyin mai shago don ya sauko da kwali goma. Aikinsa ne, kuma ni shaida ne mun fi son mai yawan ƙorafi a kan wanda zai tafi ya zage mu a hanya.

A kan dutsen ma haka. Larabawa na cewa a nemi abokin tafiya kafin hanya, kuma sun yi gaskiya. Timur yaron kirki ne, ya ci abinci a gidan nan, amma ɗan ƙasa ne, tun yana rarrafe yake cikin dusar nan, abin da yake gani wasa kai ba wasa ba ne a wurinka. Ku tafi da wanda aikinsa ke nan, wanda ya san inda dutse ke zubowa. Alhaji Murad ya ce akwai wata 'yar na'ura da kowa ke ratayawa don a gano shi in dusa ta rufe shi, da shebur da sanda ta tono. Kada ka taka dutse babu su, kuma ka koyi aiki da su tun a ƙasa. In ka gaji ka ce ka gaji. In yatsunka sun daina ji ka faɗa nan take. In ka dubi gangara ka ga ta fi ƙarfinka, ka ce ba za ka iya ba, ka cire katakon ka sauko da ƙafa, ko da za su yi maka dariya har shekara. Dariya ba ta karya ƙashi. Kakanka ya sha gaya mana cewa a hanyarsu ta zuwa nan, waɗanda suka iso su ne waɗanda ba su ji kunyar cewa a tsaya a huta ba.

Sallarka kuma ka riƙe ta. Ka tambayi malaman can yadda suke yi da alwala a cikin sanyi da hukuncin shafa a kan huffi, sun fi mu sanin wannan, mu da ruwan famfonmu ke fitowa da zafi. Ka kira Ummanka kafin ka hau da bayan ka sauko. Ba za ta ce maka tana jira ba, amma wayar na cikin hannunta.

Saura abu ɗaya. Ka san da farko ban so tafiyar nan ba. Na yi ta kawo dalilai, na ce ga aiki a Jidda, na ce wa zai riƙe shago, na yi kwanaki ina amsa gaisuwarka a taƙaice. Da dattijon nan ya ce maɗauri na kirki shi ne mai riƙewa lokacin riƙo ya kuma saki lokacin saki, maganar ƙarfe yake yi, amma ni na ji ta a wani wuri. Na riƙe ka tamau, irin riƙon takalmina na Arfa. Na sake ka yanzu, da zuciya ɗaya. Ka je, ka hau dutsenka, ka ga abin da ni da kakanka ba mu taɓa gani ba. Ka ɗauko mini hoton dusar nan a tafin hannunka in gani ko da gaske gari ce.

Kuma tunda na ce ka faɗi gaskiya in an tambaye ka, bari in fara. Jiya da kana ɗaure akwati ka ɗago ka gan ni tsaye a bakin ƙofa, ka ce, "Abuya, akwai wani abu ne?" Na ce ba komai. To, akwai. Gwiwata na ciwo, kullum tana yi, ba ranar da ba ta yi. Ina jin tsoro. Kuma tun ba ka fita ba na fara kewarka, har na rasa inda zan sa kaina a gidan nan. Ka ga na faɗa, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. Kai ma za ka iya faɗa wa mai katako.

Abin da nake roƙo a wurinka ba yawa. Ka dawo mini da gwiwoyinka biyu suna lanƙwasuwa. In Allah Ya kai mu azumi ka zo hutu, mu je Harami tare, ka ajiye kujerata a gefenka, ka sa goshinka a ƙasa ina kallo. Wannan ya ishe ni.

Ummanka na gaishe ka, ta ce kada ka fita da jiƙaƙƙen kai. Suhaila ta ce in ka sayi gajerun ba za ta gaya wa kowa ba. Na bar ka amana a wurin Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Ya kiyaye ka a sama da ƙasa, a hawa da gangara, Ya dawo mana da kai a kan ƙafafunka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka.